Ibohaman: wa ke riƙe da samari idan rani ya shigo?

Da an gama girbi a Ibohaman, an zuba damman hatsi cikin rumbu, sai tasha ta cika da samari. Wasu su nufi Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya. Mutanen Adar suna ce ma wannan tafiya bida. Daga Keita har Buza da Madawa haka abin yake kowace shekara, don kuwa wata bakwai ko takwas babu aikin da ke kawo kuɗi a gida.

A Faransa, tun 1958 akwai asusun da ke ba ma'aikaci wani abu kowane wata idan aikinshi ya ƙare. Nijar ba ta da irin wannan asusu. Ma'aikatar CNSS tana biyan kuɗin iyali, da na haɗarin aiki, da na ritaya, amma ba ta biyan wanda ya rasa aiki. Kuma mai albashi ta sani. Manomi ba ya cikin littafinta.

To, me gwamnati ta tanada? A 1996 an kafa ANPE, ma'aikatar da ke rubuta sunayen masu neman aiki, ta ba su kati, ta haɗa su da masu ɗaukar ma'aikata. Ofishinta na jiha yana Tawa. Saurayin da bai yi lakwal ba da wuya ya kashe kuɗin mota don kati kawai. A 2007 kuma an kafa asusun koyon sana'a wanda yau ake kira FAFPA. Daga harajin da kamfanoni ke biya yake samun wani kashi na kuɗinshi, shi kuma ya biya ma yara koyon ɗinki, walda, gini ko kanikanci. Wannan ya fi kusa da talaka. Sai dai mai walda da babu inji, hannu biyu kaɗai gare shi.

Dattawan Ibohaman sun ga wata dabara da idonsu. A 1984, shekarar babban fari, aka buɗe Furojen Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana jan aikin, hukumar PAM tana kawo abinci. Wanda ya yi aikin yini, sai a auna mashi rabonshi. Da yake maza sun tafi bida, mata ne suka fi yawa a fagen aikin. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su bisa fako da gefen tsaunuka don tare ruwa, suka gina ramuka, suka dasa itatuwa. Faƙon da ko akuya ba ta tsayawa a kai ya koma gona. A wurin aikin nan mutane da dama suka koyi ginin dutse da renon itace, ba tare da sun shiga aji ba.

Akwai kuma barajin Ibohaman, wanda aka gina a ƙarshen shekarun 1960 don ban ruwan fili mai wajen hekta 750. Ma'aikatar ONAHA, da aka kafa a 1978, ita ce ke tallafa ma manoman irin waɗannan filaye ta hanyar ƙungiyoyinsu. Shekara da shekaru ruwan ƙorama na kwaso yashi da laka daga tudu yana zubawa cikin barajin. Duk inda laka ta zauna, ruwa ya ragu, kuma kowace gonar rani da ta rasa ruwa, mai ita da ƴaƴanshi tasha za su nufa bayan girbi.