GARKAR NABOT: ƘARSHEN ADALI DA ƘARSHEN MUGU

Karatu: 1 Sarakuna sura 21

In mun buɗe Littafin Karin Magana daga sura 10 zuwa 15, za mu ga an jera adali da mugu aya bayan aya, ɗaya hanyarsa ta rai, ɗaya ta hallaka. Amma wani zai ce, "Pasto, ai mugaye muke gani suna ƙiba." To, bari mu dubi labarin Nabot.

Nabot mutumin Yezreyel ne, yana da garkar inabi dab da fadar sarki Ahab. Sarki ya so ta domin ya yi lambu, ya ce zai biya kuɗi ko ya ba shi wadda ta fi ta. Nabot ya ƙi. Ba taurin kai ba ne. Bisa ga Littafin Firistoci sura 25, ƙasar ta Ubangiji ce, ba a sayar da gādo har abada. Ahab ya koma gida ya kwanta, ya ƙi cin abinci. Sai matarsa Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunansa, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan gari. Aka yi shelar azumi, aka kawo 'yan iska biyu suka yi shaidar zur cewa Nabot ya zagi Allah da sarki. Aka fitar da shi bayan gari, aka jajjefe shi har ya mutu.

Da a ranan nan labarin ya tsaya, da mun ce mugunta ta yi riba. Amma Ahab yana cikin garkar ke nan sai ga annabi Iliya da saƙon hukunci. Mu lura da jinƙan Allah: da Ahab ya yage tufafinsa, ya yi azumi, sai Ubangiji ya jinkirta masifar gidansa zuwa zamanin ɗansa. Ko ga mugu irin wannan, ƙofar tuba a buɗe take. Sai dai zuciyarsa ba ta dawwama a kan tuban ba. A yaƙin Ramot-gileyad ya ɓad da kama, duk da haka wani soja ya harba kibiya a kan ƙaddara, ta same shi a mahaɗin sulke. Aka wanke karusarsa a tafkin Samariya, karnuka suka lashe jininsa. Daga baya Yehu ya kashe Yoram ɗansa, aka jefar da gawar a filin Nabot ɗin nan. Yezebel kuwa ta taga aka wurgo ta. Shekara 22 Ahab ya yi yana sarauta, har ya gina gidan hauren giwa, amma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

To, Nabot fa, me ya samu? Gaskiya ce, bai koma garkarsa ba. Littafi Mai Tsarki bai yi mana alkawari cewa adali ba zai sha wuya ba. Amma Allah da kansa ya tashi ya bi hakkin jininsa. Mun kuma san wani Adali wanda aka kawo wa shaidun ƙarya, aka kashe shi a bayan gari, a rana ta uku Allah ya tashe shi. Saboda tashin Yesu, kabari ba shi ne ƙarshen adali ba. Can ne lissafin zai cika.

Yanzu sai mu bincike kanmu. Dattawan Yezreyel ba su ci garkar ba, tsoro kawai suka ji, suka yi abin da aka ce, jinin kuwa yana hannunsu. Mu fa? Mun taɓa matsar da iyakar gonar maƙwabci? Mun karɓe gādon gwauruwa da marayu bayan jana'iza? Mun yi shiru a gaban mai unguwa alhali mun san gaskiya? In haka ne, kada mu jira gobe. Mu tuba, mu mayar da abin da ba namu ba. Wanda kuma aka zalunta, kada ya rama, kada ya yi ƙyashin mugu. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu zuciya mai tsoronka fiye da tsoron mutum, ka riƙe mu a hanyar adalci har ƙarshe, cikin sunan Yesu. Amin.