Hasumiyar Agadas Tana Da Masu Yaɓe, Gidajen Akokan Fa?

Tsakanin Agadas da Arlit tafiyar kusan kilomita 240 ce, a kan titin da ake kira hanyar yuraniyom, wanda aka shimfiɗo daga Tawa a ƙarshen shekarun 1970 domin manyan motocin da ke kai ma'adinin tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Kwaltar ta daɗe da cinyewa a wurare da yawa, har direbobi kan gwammace su sauka su bi rairayi. Ta kudu akwai birnin da ya haura shekara 500 yana tsaye da ƙasa da itace. Ta arewa kuma ga garin da injiniyoyi suka zana a takarda, suka gina da siminti da ƙarfe a 1969, amma tun yanzu makomar wasu gine-ginensa ta shiga ƙila-wa-ƙala.

Agadas ba ta bukatar dogon gabatarwa. Tun ƙarni na 15 Sarkin Abzin ya kafa fadarsa a nan, a mahaɗar ayarin da ke zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Bilma da Gat. Babban masallacinta an gina shi wajen 1515, ana danganta aikin ga Shehu Zakariya, aka kuma sabunta shi a 1844. Hasumiyarsa mai tsawon mita 27 ita ce mafi tsawo a duniya cikin waɗanda aka ɗora da tubalin ƙasa zalla. Kusa da ita ga fadar Sarki, ga gidan da ake kira fadar Kawusan, jagoran da ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya daga Disambar 1916 zuwa Maris ɗin 1917, gidan da daga baya ya koma otal. Can cikin lungu akwai gidan Sidi Ka mai adon bango, da ɗakin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1850. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin, da unguwanninsa 11, cikin jerin kayan tarihin duniya.

Sai dai ba takardar UNESCO ce ta riƙe hasumiyar nan ba. Itatuwan da suka turo kai daga jikinta, waɗanda baƙi ke ɗauka ado ne, matakala ce ta magina. Ginin ƙasa kullum cikin zaizaya yake. Ruwa ya wanke, iska ta kankare, sai a kwaɓa sabuwar ƙasa a hau a yaɓe. Akwai fada mai ba da umarni, akwai magina da suka gaji sana'ar, akwai jama'ar da ke sallah a ciki sau biyar kullum, waɗanda idan bango ya tsage su ne farkon gani. Ranar da ɗaya daga cikin ukun nan ya yi rauni, gini ya fara mutuwa. Mutanen Damagaram sun ga haka da idonsu a watan Satumbar 2024, lokacin da ruwan sama ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Ita ma Agadas daminar wannan shekarar ba ta bar tsofaffin gidajenta lafiya ba.

Arlit kuwa ba ta da irin wannan tushe. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suka ci karo da yuraniyom a Azelik suna neman tagulla. Bayan wasu shekaru aka gano babban arzikin a yamma da duwatsun Abzin, aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a 1978, ta gina wa ma'aikatanta garin Akokan, 'yan kilomitoci kaɗan daga Arlit. Wurin da a da sai makiyaya da raƙumansu, sai ga tituna miƙaƙƙu, da famfo, da lantarkin da ake jawowa daga tashar kwal ta SONICHAR da ke Cirozerin, da asibitoci biyu da suka yi suna har kudancin ƙasar, da kantunan da ake sauke wa kaya daga Faransa. Har ta kai ana yi wa garin kirari da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpaï ya ɗauka ya sa wa fim ɗinsa kan Arlit.

Wanda ya san karatun gini zai karanta tsarin kamfani a jikin unguwannin nan ba tare da an faɗa masa komai ba. Manyan ma'aikata, waɗanda da farko galibinsu Turawa ne, suna da gidaje masu fili da bishiyoyi da wurin ninƙaya. Matsakaita suna da nasu. Leburori suna da jerin ɗakuna iri ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa. Girman tagarka da faɗin tsakar gidanka suna bin matsayinka a takardar albashi. A bayan wannan duka kuma sai garin da babu wanda ya zana: 'yan kasuwa daga Maraɗi da Tawa da Damagaram, masu neman aiki, makiyayan da farin 1973 da na 1984 ya raba da dabbobinsu, suka kafa unguwannin da ake kira Bukoki, da ƙasa da kara da kwano da duk abin da hannu ya kai gare shi. Yau wannan garin na bayan katanga ya fi na kamfani yawan jama'a nesa ba kusa ba.

Wani abin lura, idan mutum yana neman manyan gine-ginen da kuɗin yuraniyom suka gina, ba Arlit zai nufa ba. Yamai zai je, ya ga otal ɗin Gaweye da babban zauren taro na Palais des Congrès a bakin kogin Kwara, aikin zamanin Seyni Kunce lokacin da farashi ke sama. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, ginin ya tsaya a can da nan baki ɗaya.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan ta fitar da tan kusan 75,000 na yuraniyom daga ramuka masu zurfin mita 250, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da tsawonsu ya haura kilomita 200. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. Abin da ta bari a sarari shi ne tulin dusar ma'adini, tan miliyan 20 a kan fili mai faɗin hekta 120, wanda a wasu wurare tsayinsa ya kai mita 35. Ke nan abu mafi girma da hannun ɗan Adam ya tara a Akokan ya ɗara hasumiyar Agadas tsawo, kuma zai daɗe fiye da ita.

Ga dalili. Idan aka niƙa dutse aka tace yuraniyom, ba a cire sauran sinadaran da ke tare da shi ba, don haka mafi yawan tururin nukiliya yana nan cikin dusar. Ɗaya daga cikinsu, radiyom, sai bayan shekara 1,600 rabin ƙarfinsa ke tafiya. Wanda ke haifar da shi kuwa, toriyom, nasa lissafin ya kai shekara 75,000. Radiyom ɗin yana fitar da wata iska mai suna radon, ba launi ba wari. A fili iska takan kwashe ta. A cikin ɗaki rufaffe sai ta taru, mai barci ya yi ta shaƙa shekara da shekaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta cikin manyan musabbaban sankarar huhu bayan taba. Shi ya sa maganar gini a Arlit ba ta rabuwa da maganar lafiya. Shekaru da dama tarkacen ƙarfe daga ma'aikatun suna fita kasuwa, maƙera su mayar da su ƙofa da tukunya, magina su yi rufi da su, duwatsun da aka zubar kuma a cike ramin titi da su. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan ce ta fara ɗaga murya, masu bincike na CRIIRAD daga Faransa suka zo a 2003, sannan a Nuwamban 2009 Greenpeace ta ce ta auna wani wuri a titin Akokan inda tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500. Bayan haka kamfanin ya bi unguwanni da na'urar awo yana kwashe abin da aka gano. Amina Weira, 'yar garin kuma 'yar tsohon ma'aikaci, ta nuna wannan rayuwa a fim ɗinta na 2016.

Amurka ta riga mu shiga wannan matsala, kuma ta fita ta ƙofofi daban-daban. A garin Grand Junction na jihar Kolorado, daga shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960, an bar 'yan kwangila suna ɗibar dusar yuraniyom kyauta suna zubawa a harsashin gidaje da makarantu, don ta yi kama da yashi mai kyau. Daga baya sai da gwamnati ta bi gine-gine fiye da 4,000 tana tone ƙarƙashinsu, kuma a 1978 majalisa ta yi doka ta musamman kan irin wannan dusa. A Uravan, garin kamfani kamar Akokan, wanda ya taɓa ɗaukar mutum kusan 800, abin ya fi muni. An rufe shi a 1984, aka rushe gidaje da makaranta, aka daddatsa, aka binne. Gine-gine biyu da tsofaffin mazauna suka roƙa a bar musu don tarihi, su ma an ƙone su a 2007. Yau waɗanda aka haifa a can sukan taru shekara-shekara a tsohon filin wasan garin, ba su da bango ko ɗaya da za su nuna wa jikokinsu.

Amma kuma ƙasar nan ɗaya ce ta tsaftace tukunyar nukiliya ta Hanford, wadda ta fara aiki a 1944, ta buɗe ta ga masu ziyara, ta haɗa ta da Oak Ridge da Los Alamos a 2015 a matsayin gandun tarihi na ƙasa. A Oak Ridge har gidajen ma'aikata, waɗanda aka bambanta da haruffan A da B da C da D bisa girma, suna cikin rajistar gine-ginen tarihi da dokar 1966 ta kafa. A ƙa'idar wannan rajista, gini yakan cancanci a duba shi idan ya kai shekara 50. Unguwannin farko na Arlit sun wuce waɗannan shekarun, na Akokan suna bakin kaiwa. Ita kanta Faransa, a 2012, ta sa UNESCO ta amince da yankin kwal ɗinta na Nord-Pas-de-Calais, da ramukansa da tulin tarkacensa da jerin gidajen leburorinsa. Abin da ta ga ya isa tarihi a gida, ban ga dalilin da zai zama shara kawai a Abzin ba.

Na san za a ce mutumin da ke neman ruwan sha mai tsabta da kuɗin sallama ba ya da lokacin zancen kayan tarihi. Gaskiya ne, kuma lafiya ce gaba. Duk ginin da awo ya nuna yana da guba, a rushe shi a binne, a biya mai shi, ko da shi ne gini na farko a garin. Tulin dusa kuma a gama rufe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2 kamar yadda aka tsara, kada rigimar gwamnati da Orano, kamfanin yuraniyom na Faransa, ta tsayar da aikin a rabi. Abin da nake ja a kai shi ne a bar sauran su lalace don kawai babu mai su. A da kamfani shi ne sarki, shi ne magini, shi ne mai gyaran famfo. An tsara miƙa gidaje da asibiti da layukan ruwa da wuta ga hukuma, amma miƙa makulli daban, samun mai hawa ya toshe yoyo daban. Ginin siminti yana ruɗin mutane, sai a ɗauka ba ya bukatar kulawa, har ranar da ƙarfen cikinsa ya yi tsatsa ya fasa bango.

Tun da gwamnati ta karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga hannun Orano a Yunin 2024, ta kuma mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yunin 2025, hujjar cewa garin na wasu ne ta ƙare. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, tana da jami'a a Agadas, tana da makarantar ma'adinai ta Abzin. Aikin farko ba mai tsada ba ne: ɗalibai su bi Arlit da Akokan unguwa-unguwa da na'urar awo da kyamara da littafi, su rubuta wane gini ne, yaushe aka yi shi, wa ya zauna a ciki, mai tsabta ne ko mai guba. A nemi taswirorin asali daga ma'ajiyar kamfanonin kafin su ɓace. A zauna da tsofaffin ma'aikatan da suka sauka ramin COMINAK na Akuta, a naɗi muryarsu, domin kullum raguwa suke yi. Sannan a zaɓi kaɗan a tsare: gidan babban ma'aikaci ɗaya, jerin ɗakunan leburori ɗaya, da gida ɗaya daga Bukoki, don a ga garin yadda yake da gaske, ba yadda yake a hoton talla ba.

Kira na ga hukumar birnin Arlit da gwamnan jihar Agadas da ma'aikatar al'adu: a fara wannan rajista yanzu, kuma a damƙa kowane ginin da aka zaɓa a hannun wata makaranta ko ƙungiya ko unguwa da za ta yi amfani da shi kullum, da sunan wanda za a tuhuma idan rufinsa ya faɗi.