Gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Samaru: tarihinsa da fasalin gininsa

A harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, akwai wani gini da baƙo kan ɗauka gidan mai unguwa ne, alhali kuwa dandalin wasan kwaikwayo ne. An gina shi da jar ƙasa a shekarar 1976.

Tarihinsa ya faro ne da Michael Etherton, wanda ya zo daga Zambiya ya kafa karatun wasan kwaikwayo a jami'ar a 1975. Shi kuwa zanen ginin, Steven Ehrlich ne ya yi shi, wani Ba'amurke masanin tsara gine-gine da ke koyarwa a jami'ar a lokacin, magina na gargajiya kuma suka ɗora tubali.

An ɗauko fasalin ne daga gidan Bahaushe. Katanga ta kewaye fili, ɗakuna masu rufin jinka suka zagaye shi, tsakar gidan kuma ta zama fagen wasa, sararin sama ne rufinta. Hikimar hakan a fili take. A zauren Turawa 'yan kallo kan zauna cikin duhu suna fuskantar dandamali ɗaya. A nan kuwa suna iya kewaye 'yan wasa kamar yadda ake kewaye 'yan dambe ko makaɗa a dandali. Kaurin bangon ƙasa yana rage zafin rana, kayan aikin kuma duk na gida ne. Daga wannan sashe ne malamai da ɗalibai suka riƙa kai wasanni ƙauyuka, kamar Wasan Manoma na 1977, domin tattauna matsalolin talakawa da harshensu.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi. Yana son yaɓe bayan damina, jinka kuma tana son sauyi. In aka yi sakaci na 'yan shekaru, ruwa zai cinye bango.

Darasin ya shafi garuruwa irin su Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa. Ƙaramar hukuma ko ƙungiyar 'yan kasuwa da ke son dandalin taro da wasanni ba sai ta jira kuɗin siminti da na'urar sanyaya ɗaki ba. Abin da za ta tanada tun farko shi ne kuɗin gyara na kowace shekara, da magina waɗanda suka gaji sana'ar, tun kafin su ƙare.