Zaɓen Irin Tausar da Ta Dace: Jagora ga Mai Shirin Jarrabawa

Tausa tsohuwar al'ada ce a Belel da sauran ƙasar Mubi, inda manomi kan sa a tausa masa baya in ya taso daga gona. Amma a asibiti, tausa reshe ce ta ilmin gashin ƙashi, ana koyar da ita, ana kuma jarrabawa a kanta. An fara koyar da wannan aiki a Nijeriya a asibitin Igbobi na Ikko cikin 1945. Dokar Soja ta 38 ta 1988 kuwa ta kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatansa rajista. Ɗan Belel yana iya neman wannan ilmi a Jami'ar Maiduguri ko Jami'ar Bayero ta Kano.

Wajibi ne ɗalibi ya san irin tausa huɗu da muhallin kowacce. Ta farko shafa ce da tafin hannu, daga ƙasa zuwa wajen zuciya. Da ita ake farawa, da ita ake gamawa. Ta biyu matsa tsoka da murza ta, domin tsokar da ta gaji ko ta ɗaure. Ta uku gurzawa da kan yatsa a ƙaramin wuri, kamar tabon da ya warke ya ƙage. Ta huɗu bubbugawa da hannu a dunƙule kamar ƙoƙo, wadda ake yi a baya domin sassauta majinar ƙirji.

Mai jarrabawa ba ƙarfin hannu yake dubawa ba, dalilin zaɓi yake nema. Saboda haka ɗalibi ya fara da tambayar majiyyaci tarihin ciwonsa, ya duba wurin, ya nemi izini, sa'an nan ya taɓa shi.

Mafi muhimmanci shi ne sanin inda aka hana tausa. Ba a yi wa mai zazzaɓi, ba a yi a kan gyambo, ƙuna, sabuwar karaya ko sabon targaɗe. Haka nan sha-raɓar da ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo: mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, in aka tausa gudan jinin ya tafi huhu ya yi kisa. Irin wannan sai a gaggauta kai shi ga likita.

Ɗalibin da ya san lokacin janye hannu ya tsare makinsa, ya kuma tsare ran majiyyaci. Allah ya ba da sa'a.