Me ke cika tabkin Tabalak da rairayi?

Jama'ar Adar, na gida da na ci-rani: tabkin Tabalak, kan hanyar Tahoua zuwa Agadas, ya shiga jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya (Ramsar) tun 2005. Sai dai zurfinsa na raguwa.

In an sare itatuwan tudu, ruwan damina sai ya kwashe ƙasa, ƙoramu su juye rairayi cikin tabki. Ga kuma ledoji da maganin ƙwarin garake da ke gangarowa. Da haka tarwaɗa da karfasa ke rasa wurin hayayyafa, masunta su dawo da taru ba nauyi.

Gyaran daga tudu yake farawa. Aikin Keita, tun 1984, ya gwada mana: a jera duwatsu, a tsare gangare, a dasa itatuwa, ruwa ya tsaya ya nutse ƙasa.