Hukuncin Buɗe Fuska Don Hoton Fasfo Ga Mace Mai Niƙabi

Tambaya: Ina sanya niƙabi, kuma Allah Ya hore mini kujerar Hajji bana. An ce sai na buɗe fuska za a ɗauke ni hoton fasfo. Shin ya halatta? Kuma mene ne iyakar abin da zan buɗe?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ya halatta, 'yar'uwa, kuma babu laifi a kanki. Hatta malaman da suka tsananta kan hoto, irin su Shaikh Ibn Baz, sun halatta hoton fasfo da na katin shaida saboda larura. Malaman fiƙihu ma tun da can sun yarda mace ta buɗe fuskarta domin a gane ta wajen ba da shaida ko ciniki. Ga mafi yawan Malikiyya da Hanafiyya kuwa, fuska da tafin hannu ba al'aura ba ne.

Sai dai ita larura gwargwadonta ake ɗauka. Abin da hukumomin shige da fice ke buƙata shi ne fuska ta fito sarai, daga haɓa zuwa saman goshi, da gefenta biyu. Ƙasashe da yawa, har da Amurka da Ingila, suna karɓar hoton da aka rufe kai saboda addini. Don haka gashi da wuya su zauna a rufe. Faransa ce ta shardanta buɗe kai a hoton fasfonta, wannan kuwa ya shafi 'yan ƙasarta ne.

Domin kada a mayar da hoton a sake sa ki buɗewa, ki ja hijabin baya kaɗan yadda ba zai yi wa goshi ko kunci inuwa ba. Ki zaɓi hijabi mai duhu idan bangon fari ne, ki cire tabarau, ki dubi kyamara kai tsaye, baki a rufe. Ki guji kwalliya, domin larurar ba ta kai can ba.

Idan akwai ma'aikaciya mace, ki nemi ita ta ɗauke ki. Idan babu, namiji ya ɗauka ba tare da keɓancewa ba, ki mayar da niƙabinki da zarar an gama. Kada ki fasa farali saboda wannan.

Allah ne mafi sani.