Zaɓen Bijimi Tun Yana Maraƙi

Kowane makiyayi ya san cewa nagartar garke daga bijimi ta ke. Saniya ɗa guda ta kan haifa a shekara, in ma ta yi ƙoƙari, amma bijimi ɗaya ya kan bar 'ya'ya masu yawa, balle a ƙasashen da a ke ɗibar maniyyinsa a ɗura wa shanu dubbai. To, ga wuyar abin. Bijimi ba a tatsarsa. Ƙaƙa za a san ko 'ya'yansa za su yi nono?

A da, dabarar masu kiwon shanun madara a Turai da Amurka ita ce jira. Bijimi ya shekara a fara barbara da shi, a jira wata 9 a haihu, 'ya'yansa mata su shekara 2 su ma su haihu, sa'an nan a yi wata 10 ana auna madararsu. Kafin a gane nagarinsa ya kai shekara 5, ana ta ciyar da shi. Waɗansu kuwa bayan duk wannan ɗawainiya sai a tarar ba su da amfani, a kai su mahauta.

A 2001 sai waɗansu masana uku, Meuwissen da Hayes da Goddard, suka kawo wata shawara. A jikin kowace dabba akwai ƙwayoyin gado waɗanda ta ɗauko rabi daga uwa, rabi daga uba, a cikinsu kuwa akwai wurare dubbai inda wannan dabba ta bambanta da waccan. Su a ke kira alamomi. Da ɗan jini, ko gashin wutsiya mai saiwa, a kan karanta alama wajen 50,000. Sai a tara shanun da an riga an san yawan madararsu ko ta 'ya'yansu, a karanta alamominsu, kwamfuta ta lissafa wace alama ce ke tafiya da yawan nono, wace ce ke tafiya da ƙarancinsa. Waɗannan shanu su ne garken ma'auni. Daga nan ko maraƙin jiya aka kawo, a kan duba nasa alamomi a kimanta darajarsa. Amurka ta fara aiki da wannan hanya a hukumance a 2009, jiran da a ke yi ya ragu ƙwarai.

Amma fa ma'aunin ba ya faɗin abin da ba a koya masa ba. Yawan nono ba alama ɗaya ke kawo shi ba, dubbai ne, kowace da ɗan nata rabo ƙanƙane. Saboda haka sai garken ma'auni ya yi yawa kana lissafi ya tsaya daidai. Shanun Holstin, watau baƙaƙe da farin nan na Turawa, miliyoyi ne, ba su da wannan damuwa. Irin da ba shi da yawa shi ke shan wuya. Kuma ba a aro, gama lissafin da aka yi da Holstin ba ya yi wa wani iri daidai.

Shanun Jasi na ƙasar Denmak misali ne. Ba su kai 100,000 ba, bijiman da aka gwada 'ya'yansu kuma kaɗan ne. Abu biyu masu su suka yi. Suka yi musayar bayanin bijimai da masu Jasi na Amurka, suka kuma shiga karanta alamomin shanu mata da a ke tatsa suna zubawa cikin garken ma'auni. Bayanin saniya ɗaya bai kai na bijimi mai 'ya'ya ɗari ba, amma mata sun fi yawa nesa. Da haka kimantawarsu ta ƙara inganci. Masu shanun Burawun Suwis na Jamus da Italiya da Suwizalan da waɗansu ƙasashe su ma suka haɗa nasu wuri ɗaya ta hannun ofishin Interbull da ke Uppsala a Suwidin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma hatsarin da ya kamata a kiyaye. In kowa ya ruga kan bijimi biyu ko uku da suka zo na ɗaya, ba da jimawa ba garke duka zai zama 'yan gida ɗaya. Barbarar dangi kuwa ta kan rage haihuwa, ta fito da cututtukan gado da ke ɓoye. Maganinsa shi ne a yi aiki da samarin bijimai da dama daga gidaje dabam dabam, a riƙa sauya su, a kuma duba kusancin sa da saniya kafin a haɗa su.

Bunaji da Bokoloji da Rahaji da Azawak suna da yawa, amma a wannan lissafi ƙaramin garke ne, don saniyar da ba a rubuta madararta ba ba ta shiga ma'auni. In aka ɗebe tashoshin bincike irin na Shika kusa da Zariya da Tukunus a Nijar, garken da ke da littafi kaɗan ne. A Tanzaniya da Habasha, cibiyar ILRI ta soma wani shiri a 2016 na tattara awon madara daga ƙananan makiyaya ta wayar hannu, aka haɗa da karatun alamomi don zaɓen bijimai.

Ashe farkon aikin ba a ɗakin bincike ya ke ba, a ruga ya ke. A sa wa kowace saniya lamba, a rubuta uwarta da ubanta da ranar haihuwarta. Sau ɗaya a wata a auna abin da aka tatsa, safe da maraice, da ƙwarya ɗaya wadda aka san litarta, a rubuta ko maraƙi yana sha. Makiyayan gari guda su haɗa littattafansu wajen malamin dabbobi. Ko gwajin jini bai iso ba tukuna, mai littafi ya riga ya san karsanar da zai riƙe da wadda zai kai kasuwa. Allah ya albarkaci dukiya.